Yadda Ake Noman Ƙananan Gansakuka Don Tace Gurɓataccen Ruwa

Ruwan da ke fitowa daga banɗaki da wurin wanka da wurin wanke-wanke yana ɗauke da abubuwa uku masu illa: dattin da ke ruɓewa, da sinadaran naitirojin da fosfaros, da kuma ƙwayoyin cuta. Manyan matatu suna maganin na farkon ne ta hanyar hura iska cikin ruwan da injina ba dare ba rana, don bakteriya su samu oksijin da za su cinye dattin da shi. Wannan hurin iskar kaɗai kan lashe kusan rabin wutar lantarkin da matata ke sha. Ƙananan gansakuka kuwa suna samar da oksijin ɗin kyauta muddin rana na haska su. Ba irin gansakukar nan mai zare-zare da ke manne wa bango nake nufi ba. Ina nufin wadda ido ba ya ganin ƙwayarta, sai dai a ga ruwa ya koma kore shar. Bakteriya su cinye datti su fitar da iskar kabon, gansakuka ta ɗauki iskar tare da naitirojin da fosfaros ta gina jikinta, ta sako oksijin, bakteriya su shaƙa su ci gaba da aiki.

Dabarar ta daɗe. William Oswald na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne ya kafa tubalinta, kuma a 1957 shi da Harold Gotaas suka wallafa bayaninta. Daga baya an gwada ta a fili mai faɗin hekta 5 a Christchurch ta ƙasar Niyu Zilan, a Chiclana ta ƙasar Sifaniya kuma har gas ɗin tuƙa mota aka samar daga gansakukar da aka noma a ruwan masai. Abin da zan bayyana a nan ƙaramin tsari ne, daidai da makaranta ko gona ko rukunin gidaje.

Tun kafin a sa diga a ƙasa, a riƙe wannan: ruwa ya yi kore ba ya nufin ya tsarkaka. Naitirojin da fosfaros ba su ɓace ba, jikin gansakuka suka shiga. Idan ka saki koren ruwan nan a rafi, gansakukar za ta mutu ta ruɓe ta mayar da duk abin da ta ɗauka, an yi ba a yi ba ke nan. Tacewa tana kammala ne ranar da ka raba gansakuka da ruwa, kuma duk matakan da ke ƙasa suna tafiya ne zuwa can.

Mataki na farko: san ruwanka

Fara da yawansa. Tara ruwan da ke fita a tankin da ka san lita nawa yake ci, ko ka auna da bokiti da agogo a lokuta daban-daban na yini, na tsawon mako guda aƙalla. Kada ka dogara da kintace, domin girman tafkin da za a noma gansakukar a ciki gaba ɗaya a kan wannan adadin yake.

Sai ka kai samfur ɗakin gwaji a auna maka BOD, wato yawan oksijin da ake buƙata kafin dattin ya ruɓe, da amoniya (wani nau'in naitirojin da ke cikin ruwan), da fosfaros, da pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa. Ruwan gidaje na yau da kullum ya dace da gansakuka ƙwarai. Ruwan garken dabbobi da wanda ke fita daga tankin gas ɗin kashi sun fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amoniyarsu kan haura miligiram 1,000 a lita, ga duhu da ke hana haske shiga. Irin waɗannan sai an sirka su da ruwa har amoniyar ta sauko ƙasa da miligiram 100 a lita. Ruwan majema, da na rini, da na wurin gyaran batir, da duk wanda man inji ko maganin ƙwari ya shiga, a raba shi da wannan tsari. Gansakuka na tsotse ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyam, abin da ka girbe ya zama shara mai haɗari da ba ka da inda za ka kai ta.

Mataki na biyu: kwantar da laka kafin ruwa ya isa tafki

Ɗanyen ruwan masai ba ya shiga tafkin gansakuka kai tsaye. A sa raga ta tare leda da tsumma, a sa ƙaramin akwatin tare maiƙo a layin kicin, sannan ruwan ya shiga tankin sokawe mai ɗaki biyu wanda aka shafe da siminti, ba mai tsotsewa cikin ƙasa ba. Ya zauna a ciki kwana ɗaya zuwa biyu. A nan fiye da rabin laka ke kwanciya, BOD ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, ƙwayayen tsutsar ciki da yawa su nutse. Maiƙo shi ne babban abokin gaba: idan ya shimfiɗu a saman tafki, ya tare haske ya tare iska.

Kada kowa ya shiga wannan tanki ko ya leƙa kansa ciki. Iskar da ke taruwa a cikinsa tana sumar da mutum cikin daƙiƙu, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa.

Mataki na uku: lissafi da gini

Lissafin bai da wuya. A ce mutum 50 ne, kowa na fitar da lita 80 a rana. Lita 4,000 ke nan. Ruwa na buƙatar ya zauna a tafki kwana 3 zuwa 4 a lokacin zafi da rana mai ƙarfi, kwana 7 zuwa 10 a lokacin sanyi ko yawan gajimare. Mu ɗauki kwana 6. Tafkin zai riƙe lita 24,000. Idan zurfin ruwa santimita 30 ne, faɗin fili zai zama murabba'in mita 80. A yi lissafi da watan da ya fi kowane rashin rana a wurin da kake, domin shi ne zai gwada tsarin.

Mutane kan so su zurfafa tafki don su rage fili. Wannan kuskure ne mai tsada. A ruwan da gansakuka ta yi kauri, haske ba ya wuce 'yan santimitoci na sama, duk abin da ke ƙasa cikin duhu yake, yana shaƙar oksijin ba ya samarwa. Shi ya sa ake tsayawa tsakanin santimita 20 zuwa 40, kuma shi ya sa ake juya ruwan, don kowace ƙwaya ta riƙa hawa ta ga rana ta sauka.

Siffar tafkin doguwa ce mai zagayayyun kai biyu, da katanga a tsakiya wadda ba ta taɓa ko wane kai ba, ta yadda ruwa zai riƙa kewaya ta. A misalinmu, hanya biyu ce, kowace faɗin mita 2, tsawon mita 20. Idan hali ya yi, gara ka raba filin ka gina ƙananan tafkuna biyu maimakon babba ɗaya. Ranar da ɗaya ya lalace, ɗayan na aiki, kuma daga gare shi za ka ɗebo iri.

Zaɓi fili da rana ke duka tun hantsi har yamma, ba bishiya ba inuwar gini, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, kuma inda ambaliya ba ta kaiwa. Bango ya kai santimita 50 zuwa 60 don a bar sarari saboda ruwan sama. A shimfiɗa ledar HDPE, wato leda mai ƙarfi da ke hana ruwa tsotsewa, mai kaurin kusan milimita 1, ko a yi daɓen siminti mai santsi. Ka tsaya a kan magina wajen daidaita ƙasan, su bi shi da tiyon awo lungu-lungu. Bambancin santimita 5 a tafki mai zurfin 30 ba ƙaramin abu ba ne: inda ya yi kwari nan gansakuka za ta taru ta ruɓe ta yi baƙi. Haka ma a kwana. Ruwa kan ruga ta gefen waje ya bar bayan katangar tsakiya cak, don haka a kafa lanƙwasassun faranti ɗaya ko biyu a kowace kwana su raba ruwan su bi da shi.

Abin da ke tura ruwa keken filafilai ne, mai filafili 6 zuwa 8, da ƙaramin inji mai giya da ke juya shi a hankali. A bar tazarar santimita 1 zuwa 2 kacal tsakanin filafili da ƙasa da bango, in ba haka ba ruwa zai riƙa komawa baya ta gefe. Gudun da ake nema santimita 15 zuwa 30 ne a daƙiƙa. Don aunawa, sa alama biyu a bango da tazarar mita 5, jefa ɗan guntun itace, ka duba agogo. Idan ya ɗauki daƙiƙa 25, kana kan santimita 20, ka dace. Ƙasa da 15 gansakuka na kwanciya, sama da 30 wuta kawai kake ƙonawa. Famfon jan ruwa ba ya maye gurbin keken nan: ya fi cin wuta, kuma yana farfasa dunƙulen gansakuka da za ka buƙata a wajen girbi.

Bututun shigar ruwa ya kasance a gaban keken, wato ɓangaren da yake tura ruwa, na fita kuma a bayansa daf da shi, don ruwan da ya shigo ya yi cikakken zagaye. Bututun fita a tsaye yake, tsawonsa ne ke yanke zurfin ruwa. A ƙarshe a kewaye wurin da waya saboda yara da dabbobi.

Mataki na huɗu: iri

Akwai masu sayen tsantsar irin Chlorella, wani nau'in ƙaramar gansakuka, daga ɗakin gwaji. A ganina, ga tafkin da ke buɗe a sarari wannan asarar kuɗi ce. Iska da ƙura da ƙafar tsuntsu za su kawo nasu irin, kuma cikin 'yan makonni wanda ya fi dacewa da ruwanka da yanayinka shi zai mamaye. Yawanci za ka tarar da Chlorella da Scenedesmus da Micractinium da Pediastrum a cakuɗe. Spirulina na son ruwa mai kanwa sosai, ba ta jure ruwan gida haka nan.

Don haka ɗebo koren ruwa daga tafkin kifi ko tsohon tafkin tace ruwa. Ka zaɓi wanda korensa ya gauraye da ruwan sama da ƙasa. Ka guji wanda ya yi kumfa ko ya shimfiɗu a sama kamar an zubar da koren fenti mai ratsin shuɗi, domin sau da yawa wannan Microcystis ce ko danginta, masu fitar da gubar da ke lalata hanta. Tace abin da ka ɗebo da ƙyalle mai laushi ninki biyu don cire ƙananan ƙwarin ruwa.

Samu jarka mai haske ta lita 20. Zuba lita 3 na ruwan da ya fito daga sokawe, lita 12 na ruwan da ba sinadarin kulorin a ciki, da lita 3 na koren ruwan. Sa ƙaramin injin hura iska irin na akwatin kifin ado. Kwana biyun farko a ajiye ta inda rana ba ta da zafi, domin gansakuka 'yar kaɗan a ruwa garau tana ƙonewa da tsananin haske, za ka ga ta koɗe ta yi fari. Cikin kwana 5 zuwa 7 za ta yi kore mai duhu. Juye ta a durom mai buɗaɗɗen baki, ka ninka yawan ruwan sau biyar, ka ƙara kason gurɓataccen ruwan. Daga durom sai tafki.

A tafki kada ka cika. Fara da zurfin santimita 10 zuwa 15, rabi ruwa mai kyau rabi na sokawe, zuba irin, kunna keke, ka rufe bututun shiga. Idan kore ya kama, sai ka riƙa ƙara gurɓataccen ruwa kaɗan-kaɗan kullum har zurfi ya cika, sannan ka buɗe shiga da fita, ka fara da rabin adadin yini kafin ka kai cikakke. Gaggawa a nan ita ke kashe yawancin sababbin tafkuna: bakteriya su yi wa gansakuka yawa, ruwa ya koma toka-toka ya fara wari.

Mataki na biyar: kula ta yau da kullum

Kayan aikin kaɗan ne: ma'aunin pH, ma'aunin zafi, takardun gwajin amoniya, farin murfin roba da aka kafa a ƙasan sanda mai alamun santimita, safar hannu, takalmin roba, da littafin rubutu. Idan za a iya sayen na'urar auna oksijin a ruwa, ta cancanci kuɗinta.

Tafkin gansakuka na asuba daban yake da na rana tsaka. Da rana, gansakuka na zuƙe iskar kabon da sauri, pH ya tashi zuwa 9 ko 10, wani lokaci har 11, oksijin ya ninka abin da ruwa ke iya riƙewa sau biyu ko fiye. Idan ka sunkuya za ka ga ƙananan kumfa jere a jikin bango. Da dare kowa shaƙa yake yi, ba mai samarwa, oksijin ya yi ta sauka har gari ya waye. Saboda haka awo biyu ake yi, da asuba da kuma wajen ƙarfe biyu zuwa uku na rana. Na asuba shi ne mai faɗin gaskiya. Idan oksijin na faɗuwa ƙasa da miligiram 1 a lita kwana bayan kwana, ko kana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai, ka yi wa tafkin lodi fiye da ƙarfinsa, rage ruwan shiga. Keke kuma ba ya hutawa da dare. Ana iya rage masa gudu, amma in ya tsaya awanni da yawa gansakuka za ta kwanta ta fara ruɓewa, don haka a tanadi batir ko wata madogarar wuta.

Tashin pH takobi ne mai kaifi biyu. A pH 9.25, idan zafin ruwa digiri 25 ne, rabin amoniyar ruwa na komawa iskar amoniya. Wani kaso ya tashi sama, wato naitirojin ya ragu a ruwa, amma idan ta yi yawa tana kashe gansakukar kanta. A wannan pH ɗin fosfaros na haɗuwa da sinadarin kalsiyam ya kwanta, ƙwayoyin cuta kuma na mutuwa da sauri saboda haɗuwar kanwa da oksijin da hasken rana. Sai dai bakteriya masu cin datti suna yin sanyi idan pH ya wuce 9.

Tushen matsalar ƙarancin kabon ne. Kusan rabin busasshen nauyin gansakuka kabon ne, kilo ɗaya na buƙatar kimanin kilo 1.8 na iskar kabon, ruwan gida kuwa ba shi da isasshen kabon idan aka kwatanta da naitirojin ɗinsa. Manyan tsare-tsare suna hura iskar kabon don riƙe pH a wajen 8, yawan gansakukar da ake girba ya ƙaru. Ga ƙaramin tsari wanda burinsa ruwa mai tsabta ne, ni dai ban ga dalilin wannan ɗawainiya ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a riƙa shigar da mafi yawan gurɓataccen ruwan da rana, daga hantsi zuwa yamma. Lokacin ne oksijin ya wadata, bakteriya su cinye dattin nan take, kabon ɗin da suka fitar ya sassauta pH.

Kullum a lokaci ɗaya, nutsa farin murfin nan ka ga a santimita nawa ya ɓace wa ido. A tafki mai lafiya yakan ɓace tsakanin 5 zuwa 10. Idan yana ɓacewa tun kafin nan, gansakuka ta yi kauri tana yi wa kanta inuwa, ƙara ruwan shiga ko ka ƙara girbi. Idan kullum sai ƙara ganinsa kake yi a ƙasa, ana fitar da ita fiye da yadda take hayayyafa, ko wani abu na cinye ta. Zafin da ta fi so digiri 20 zuwa 30 ne. Idan ruwa na haura 35, ƙara zurfi zuwa santimita 40 don ya rage ɗaukar zafi. A wuri mai zafi da bushewa tururi kan ɗauke milimita 5 zuwa 10 a rana, wato lita 400 zuwa 800 a tafkinmu na misali, don haka kada ka yi mamaki idan abin da ke fita bai kai abin da ke shiga ba.

Idan tafki ya rushe

Zai faru. Tafkin da ke kore shar ranar Litinin yana iya wayar gari ranar Alhamis ruwan ƙasa-ƙasa ko garau. Ɗebo ruwan a kwalbar gilashi ka ɗaga ta saitin rana. Idan ka ga ɗigo-ɗigo farare ko jajaye suna tsalle ko iyo, ƙananan ƙwarin ruwa ne irin su Daphnia da Moina da Brachionus, kuma suna iya share tafki cikin kwana biyu zuwa uku. Manyan cikinsu ana kama su da raga mai ƙananan ido da aka gitta a hanyar ruwa. Sauran kuma ba sa jure amoniya a pH mai tsawo, don haka idan ka gan su da wuri, bar pH ya haura 10 na 'yan kwanaki kuma ka ƙara saurin shiga da fitar ruwa, tunda gansakuka ta fi su saurin hayayyafa. Idan abin ya riga ya wuce nan, kwashe tafkin, wanke shi, bar shi ya bushe a rana, ka sake zuba iri daga ɗaya tafkin ko daga durom ɗin da ya kamata kullum ka ajiye a gefe. Kada ka zuba maganin ƙwari.

Idan kore ya koma rawaya alhali babu ƙwari, yunwar naitirojin ce, ƙara ruwan shiga. Sauro ba ya ƙwai a ruwa mai gudu, amma yana yi a gindin ciyawar bakin tafki da lungun da ruwa ya tsaya, sai a riƙa nome gefe.

Mataki na shida: girbi

Tafkinmu na murabba'in mita 80, idan yana ba da giram 15 a kowane murabba'in mita a rana, zai samar da kilo 1.2 na busasshiyar gansakuka kullum, warwatse cikin lita 4,000. Miligiram 300 ke nan a lita. Kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinta naitirojin ne, kusan kashi 1 fosfaros. Wato girbin kowace rana na fitar da kimanin giram 96 na naitirojin da giram 12 na fosfaros daga ruwan. Ranar da ba a girba ba, suna nan a ciki.

Wahalar ita ce ƙwayar Chlorella ba ta wuce maikiron 2 zuwa 10 ba (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), nauyinta kusan ɗaya da na ruwa, kuma ƙwayoyin suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya da ke sa su ture juna. Ƙyalle ba ya tare ta, ba ta kuma nutsewa da kanta. Amma Pediastrum da Micractinium da Scenedesmus suna zama rukuni-rukuni, kuma juyin keke a hankali na sa su manne da bakteriya su yi dunƙule masu nauyi. Waɗannan kake so su yi rinjaye.

Ruwan da ya fita daga tafki ya shiga tanki mai tsukakken gindi, gangarensa ya kai digiri 55 zuwa 60, da famfo a can ƙasa. Girmansa ya isa ruwa ya zauna awa 3 zuwa 6. Rufe shi daga rana. Idan haske na shiga, gansakuka za ta ci gaba da fitar da oksijin, kumfan ya manne wa dunƙulen ya taso da su sama. Buɗe famfon ƙasa kullum, ko sau biyu a rana, ka zare koren kaurin da ya taru. In ya kwana biyu zai fara tsami, gas ya ɗago shi, amoniya ta koma ruwa.

Ga wata dabara da binciken Niyu Zilan ya tabbatar: mayar da ɗan kaso na gansakukar da ta kwanta zuwa tafki kullum. Tunda masu saurin nutsewa ne kaɗai ke dawowa, masu yawo kuma suna fita, a hankali tafkin zai cika da irin da ke kwanciya da kansa. Ba ta cin ko kwabo, kuma tana rage buƙatar sinadari.

Idan duk da haka ruwan sama-sama bai washe ba, sai a kawo alimun. Kada ka zuba da ka. Narka giram 10 a lita ɗaya ta ruwa, kowane mililita ɗaya na wannan haɗin miligiram 10 ne. Jera kwalabe shida, kowace da lita ɗaya ta ruwan tafki. Bar ta farko haka nan, sauran ka zuba mililita 2.5, da 5, da 10, da 15, da 20. Juya da ƙarfi minti ɗaya, a hankali minti goma, ka bar su rabin awa. A kwalbar da ta dace za ka ga koren ya tsinke ya zama gutsi-gutsi, suna haɗuwa suna sauka, ruwa na washewa daga sama. Zaɓi mafi ƙarancin adadin da ya yi aiki, ka ninka shi da yawan litar tankinka. Alimun ya fi kamawa a pH 6 zuwa 7, shi ya sa girbin sassafe ya fi na rana arha. Garin ƙwayar zogale ma na dunƙula gansakuka kuma ba ya barin ƙarfe a cikinta yadda alimun ke yi, amma idan ya yi yawa yana ƙara wa ruwan datti, don haka shi ma sai an yi masa gwajin kwalabe. A maimaita gwajin duk lokacin da yanayi ko launin tafki ya sauya.

Abin da ka zaro daga gindin tanki har yanzu kashi 97 zuwa 99 cikin ɗari ruwa ne. Zuba shi a kan gadon yashi mai tsakuwa a ƙasa, kaurin bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Ruwan da ya tsiyaye ya koma tafki, gansakukar ta bushe ta tsattsage a kankare ta.

Ruwan da gansakukar, ina za su?

Ruwan da ya fito bai zama na sha ba, ko da ya yi garau. A bi da shi ta matatar yashi ko tsakuwa, ko ya ƙara zama 'yan kwanaki a wani tafki marar zurfi rana ta ƙarasa kashe ƙwayoyin cuta. Kafin a yi ban ruwa da shi, a kai samfur a auna. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 1989 ga amfanin gonar da ake ci ɗanye shi ne kada bakteriyar bayan gida ta wuce 1,000 a mililita 100, ƙwan tsutsar ciki kuma kada ya wuce ɗaya a lita. Idan za a sake shi a rafi, dokar muhalli ta wurin ce ke yanke iyaka, kuma yawanci sai da izini.

Gansakukar da aka noma a ruwan masai ba abincin mutum ba ce, komai kyawun launinta. Ba a kuma ba dabba ko kifi sai an gwada ta an tabbatar babu ƙarafa masu guba da ƙwayoyin cuta, wadda aka girba da alimun kuwa a cire ta daga wannan lissafi gaba ɗaya. Hanya biyu ce mai aminci. Ko a zuba ta da danshinta a tankin gas tare da kashin dabbobi ko wani abu mai yawan kabon, domin ita kaɗai naitirojin ɗinta ya yi yawa. Ko kuma a haɗa ta da busasshiyar ciyawa da karmami a yi takin gargajiya, a riƙa juya tarin har zafin cikinsa ya kai digiri 55 ya daɗe a haka kwanaki, sannan a bar shi ya huce kafin a kai gona. Ita ma lakar da ke taruwa a sokawe a riƙa auna ta da sanda, a kira masu kwasa idan ta kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin tankin, domin in ta cika za ta fara kwararowa cikin tafki.